Na kai kaset-kaset ɗin Baba a juye mini su a memori

Kwali guda na kaset Baba ya bar mana, Allah ya jiƙansa. Yawancinsu da hannunsa ya ɗauka daga Rediyon Kaduna, ya rubuta sunan mawaƙi da jan biro, amma rubutun ya koɗe. Rikodarmu kuwa ta daɗe da mutuwa. Wani abokina ya yi mini kwatancen wani shago a Tudun Wada, kusa da Kasuwar Barci, inda ake juye kaset zuwa memori. Ranar Asabar na tare Keke Napep na tafi da guda 23.

Shagon ɗan tsukuku ne, kwamfuta ɗaya da tsohuwar rikoda a kan tebur. Yaron shagon mai ladabi ne, ya jawo mini benci. Naira 500 kowane kaset, memori kuma ka zo da naka.

Hannunsa ya san aiki, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Kaset ɗin Mamman Shata zarensa ya tsinke, na riga na fid da rai. Ya kwance 'yan ƙusoshin, ya haɗa bakin zaren biyu da ɗan guntun salatif, ya zura biro ya murɗa a hankali har ya daidaita. Da ya kunna, kalangu ya fito tas, amshi na biye. Shata ya rasu tun 1999, amma sai na ji kamar a ƙofar shagon yake tsaye.

Inda muka saɓa shi ne wajen sa suna. Duk waƙar da ya ji kotso a ciki, Ɗanƙwairo ya rubuta mata. Na ce ɗana, wannan ai Narambaɗa ne, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Ya ce, "Kawu, ai duk kiɗan sarauta ne." To, haka ne, amma Isa daban, Maradun ta su Ɗanƙwairo daban, kuma wanda ya tashi yana jin su ba zai haɗa muryoyin nan biyu ba ko daga barci aka tashe shi. Kaset ɗin da ake rera Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon nan na Zariya, shi kuma cikin wa'azi ya jefa shi, wai don babu kiɗa. Ɗan Maraya Jos kaɗai ya gane ba gardama, kuntigi ba ya ɓuya. Saboda haka duk mai zuwa ya rubuta sunayen a takarda ya liƙa wa kowane kaset.

Kwana 4 ya ce, ya yi mako guda. Rashin wuta ne, ban ga laifinsa ba.

Sai da na koma gida na lura da abin da ya fi ci mini rai. A farkon wani kaset akwai muryar Baba yana cewa, "Kai yara, ku yi shiru ina ɗauka." Yaron ya yanke ta, a ganinsa hayaniya ce. Washegari na koma da kaset ɗin. Ya yi ta ba ni haƙuri, ya sake juyewa daga farko, bai karɓi ko kwabo ba. Sauran kaset 40 da ke cikin kwali ma shi zan kai wa, sai dai a bencin zan zauna har ya gama.