Ajin Koyon Kalangu da Ganga a Barnawa

Wata ƙaramar makarantar kiɗa da ke Barnawa a Kaduna tana koyar da kalangu, ganga da gangunan zamani, kuma ƙarfinta yana wajen malamin kalangu, dattijon da ya gaji sana'ar daga gidansu. Kafin ya bar ɗalibi ya ɗauki makaɗi, sai ya sa shi ya rataya kalangun, ya matse tsirkiya a hammata ya sassauta, har kunnensa ya rarrabe amo mai tashi da mai sauka, domin da wannan ne kalangu ke kwaikwayon karin sautin maganar Bahaushe. Yakan kafa misali da makaɗan marigayi Mamman Shata, yana nuna yadda suke amsa wa mawaƙi ba tare da sun danne muryarsa ba.

Sashen gangunan zamani bai kai wannan ba. Malamin, matashi ne mai ƙwazo, yana koyar da karanta rubutaccen kiɗa, amma saiti ɗaya ake rububi a kai, ɗakin kuma babu abin tare ƙara. Tambari da kotso ana bayaninsu ne da baki kawai, wanda a ganina gibi ne babba ga mai neman kiɗan fada.