NHS ko inshorar kamfani: wanne ya fi wa baƙo a Birtaniya?

Wanda zai tafi Birtaniya aiki ko karatu na fiye da wata shida, tun wurin neman biza ake karɓar kuɗin lafiyarsa: fam 1,035 a shekara tun Fabrairun 2024, ɗalibi kuma fam 776. Da wannan ya shiga NHS ke nan, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnatin Birtaniya. Zai ga likitan unguwa, a kwantar da shi, matarsa ta haihu, ba mai miƙo masa takardar biya. Maganin da likita ya rubuta dai ana biya a Ingila, fam 9.90 kowanne.

Inda gizo ke saƙa shi ne jira. A ƙa'ida bai kamata a wuce mako 18 ba kafin a fara yi wa mutum aiki, amma a 2023 layin jira a Ingila ya haura miliyan 7. Mai ciwon gwiwa sai ya share watanni yana ɗingisawa zuwa wurin aiki cikin sanyi.

Inshorar kamfani, irin ta Bupa ko AXA, sauri take sayarwa: ganin ƙwararren likita da wuri, da ɗaki kai kaɗai. Sai dai yawanci ba ruwanta da ciwon da ka taho da shi daga gida, ko mai daɗewa kamar ciwon suga, ko haihuwa. Hatsari ya auku cikin dare, motar NHS ce za ta zo. Kuɗin lafiyar nan na wurin neman biza ma sai ka biya, ko kana da inshorar.

Ɗalibi mai ƙoshin lafiya, a ganina, ya riƙe kuɗinsa na haya. Wanda kuwa wurin aikinsa ya haɗa masa da inshorar cikin albashi, ya karɓa hannu bibbiyu.