Rumfar tuwon da nake sauka a Maigatari

Duk ranar Alhamis da na je kasuwar Maigatari sayen raguna, wuri ɗaya nake cin abinci: rumfar wata dattijuwa da ke kusa da kara. Muna ce mata Inna kawai.

Wanda bai san garin ba, daga Gumel za ka miƙe arewa, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, rairayi da gonakin gero da riɗi, sai bishiyar gawo jefi-jefi. Kana fita bayan gari ka taka Nijar, yankin Damagaram. Shi ya sa a kan bencin Inna za ka tarar da Buzu da rawaninsa, da Bafulatani, da direban da zai kwashi shanu zuwa kudu, kowa da kwanonsa. Naira take karɓa, amma ko sefa ka miƙa ba ta mayar da kai.

Tuwon gero take yi da miyar kuka, daddawa ta ji, ga man shanu na gaske da take saya wajen matan rugage. Naman akuya ne, ya dahu luguf. Ruwan randarta kuwa, a zafin bazara na wannan yanki, ya fi mini lemon kwalba.

Abin da ke damuna ƙura ce. In hunturu ya shigo, iska na kwaso rairayi har cikin miya, don zanar rumfar ta tsufa. Na roƙe ta ta sauya, ta ce sai bayan kaka. Ka je kafin azahar, domin ana sallame salla tukunya ta ƙare.