Sabar ta nesa: rubuta umarni ko danna-danna?

Ɗan'uwa, ka ce ka yi hayar ƙaramar sabar, wato kwamfutar nesa da za ta ɗauki shafinka, mai tsarin Ubuntu, RAM ɗinta gig ɗaya, da ka shiga ba ka tarar da komai ba sai baƙin allo yana jiran ka yi rubutu. Kana tambaya ko ka ɗora mata fuska irin ta kwamfutar gida ka riƙa shiga ta VNC, manhajar da ke nuno maka allon sabar daga nesa, ko ka daure ka koyi rubuta umarni. Ni dai shawarata ka daure, kodayake akwai wuraren da danna-danna ta fi, kuma zan faɗe su.

Duba abin da ke kai-komo tsakaninka da sabar. Ta SSH, wato hanyar shiga sabar daga nesa don rubuta umarni, haruffa ne kawai, ka aika layi ɗaya, a mayar maka da amsa. Ta VNC, ko RDP na Windows, hoton allon ne ake turo maka duk lokacin da wani abu ya motsa. Ranar da sabis ya yi rauni za ka ga bambancin: linzami ya maƙale, taga ta ƙi buɗewa, data tana ƙonewa, alhali mai SSH yana aikinsa ko da wayarsa ce. Ga kuma RAM. Fuskar GNOME, wadda Ubuntu na kwamfutar gida ke zuwa da ita, ita kaɗai tana cin ɗaruruwan megabait, a cikin gig ɗayan da ya kamata shafinka da rumbun bayanansa su raba.

A nan akwai abu guda da RDP ta yi zarra. Idan layi ya katse, aikinka yana nan yadda ka bar shi. SSH zalla kuwa takan tafi da aikin da ke gudana. Maganinsa tmux, manhajar da ke riƙe aikinka a sabar ko da layi ya katse: ka buɗe shi kafin ka fara dogon aiki, in an ɗauke wuta ka dawo, ka rubuta tmux attach, ka ci gaba.

Maganar tsaro ta fi damuna. Tatu Ylönen ya rubuta SSH a 1995 a Finland, bayan an saci kalmomin sirri a layin jami'arsu, wato tun asali don ɓoye abin da ke wucewa aka yi ta. VNC ta asali ba ta ɓoye hoton allo, kuma kalmar sirrinta ba ta wuce harafi 8. Masu amfani da ita cikin hankali sai sun cusa ta cikin SSH, ka ga ko ta can ka bi, SSH ɗin na jiran ka. RDP tana ɓoyewa, amma barin ƙofarta ta 3389 a buɗe ga duniya ganganci ne. A watan Mayun 2019 aka bayyana ramin da ake kira BlueKeep, wanda ya yi munin da sai da Microsoft ta fitar da gyara har ga Windows XP da ta daina kula da ita. Ƙofar SSH ta 22 ma ana ƙwanƙwasa ta dare da rana, za ka gani a auth.log, fayil ɗin da ke rubuta yunƙurin shiga sabar. Ka yi mabuɗi da ssh-keygen, ka tabbatar yana shiga, sannan ka rufe shiga da kalmar sirri.

Babban dalilina shi ne maimaici. Buɗe wa mutum ɗaya asusu da linzami ba wuya. Mutum 40 fa, ko sabar 5? Umarni rubutu ne, ana adana shi, ana ba cron ya gudanar da shi ƙarfe 2 na dare, ana ba Ansible ya kai shi kowace sabar. In ka maƙale kuma, ka kwafo umarnin da saƙon kuskuren ka turo mana, mu ga ainihin abin da ya faru. Wanda ya danna wurare goma da wuya ya tuna na uku. Ita kanta Microsoft ta fito da Server Core, wato Windows Server marar fuska, tun 2008, ta kuma saka OpenSSH a Windows Server 2019.

Danna-danna ta fi wurin kallo: zanen yadda RAM ke hawa da sauka, ko aikin da sai bayan wata shida kake yi, ka manta umarninsa. Don wannan ba ka bukatar VNC. Akwai manhajojin kula da sabar: Cockpit yana buɗewa a burauza ta ƙofar 9090, Webmin ta 10000, kuma ba su da nauyi irin na cikakkiyar fuska.

Sai ka yi hattara da abu ɗaya: baƙin allo ba ya tambayar ko ka tabbata. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanai a babbar sabar, yana zaton a ta biyu yake. Kusan gig 300 suka tafi, kamfanin ya yi asarar bayanan kimanin awa 6. Kafin duk wani rm -rf, wato umarnin goge fayiloli, ka rubuta hostname da pwd, ka ga a wace sabar kake da wane wuri.

Wannan makon ka tsaya kan ls, cd, nano, systemctl, journalctl, df da ufw. Kafin ka kunna ufw, katangar da ke toshe ƙofofin sabar, ka ba ƙofar 22 izini, in ba haka ba za ka kulle kanka a waje.