Gargaɗi kan masu tallar "alminiyam mai kama da gilashi" a Legas

Ina jan hankalin 'yan'uwa mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, musamman direbobi, 'yan canji da masu fataucin shanu da ke yawo da kuɗi a kan hanya, game da wasu mutane da suke yaɗa talla a zaurukan WhatsApp da Facebook. Suna iƙirarin cewa sun shigo da wani alminiyam daga Amurka wanda ake ganin abin da ke bayansa kamar gilashi, kuma idan aka manna shi a tagar mota harsashi ba zai huda ta ba. Suna sayar da ƙananansa a matsayin murfin fuskar waya, sannan suna neman kuɗin kafin alƙalami daga duk wanda yake son zama dilansu.

Abin da ya sa damfarar take kama mutane shi ne an gina ta a kan gaskiya. Sunan ya shahara ne daga fim ɗin Star Trek na huɗu, wanda ya fito a 1986, inda wani injiniya daga zamani mai zuwa ya ba wani kamfani sirrin haɗa irin wannan abu. A zahiri kuma akwai ALON, haɗin alminiyam da iskar oksijin da naitirojin, wanda masu bincike na sojan Amurka suka samu lasisin mallakarsa a 1980, kamfanin Surmet da ke jihar Masachusets kuma yake ƙera shi. Amma ALON ba ƙarfe ba ne, tangaran ne. Gari ake matsewa a gasa shi da zafin da ya kusa digiri 2,000 a ma'aunin Salsiyas, sannan a daɗe ana goge shi kafin ya yi garau, shi ya sa yake da tsada ƙwarai, kuma galibi a kayan soja da na'urorin hange ake amfani da shi. A gwajin da ya yi suna, sulken da aka haɗa da shi mai kaurin inci 1.6 ne ya tsayar da harsashin babbar bindiga da ke ratsa gilashin sulke na gargajiya mai kaurin inci 3.7. Tangaran ba ya naɗuwa. To abin da waɗannan mutane suke kawowa a naɗe kamar tabarma, suna yanka shi da reza, leda ce irin wadda ake duhunta gilashin mota da ita.

Na tsaya na kalli yadda ɗaya daga cikinsu yake gwaji a gefen titi a Ikeja. Ya ɗauki makullin mota ya yi ta karta murfin wayar, ya ƙara da wuƙa, jama'a suna ta mamaki, sannan ya nuna alamar 9H da ke jikin kwalin. Murfin gilashi na yau da kullum, wanda ake samu da araha a kowace rumfa, shi ma makulli ba ya yi masa komai, domin ƙarfen makulli bai kai gilashi tauri ba. Ita kuwa 9H ma'aunin taurin fensir ce, ba ma'aunin Mohs na taurin duwatsu ba, wanda a kansa dutse mai daraja da ake kira safaya yake da maki 9, daimon yake da 10, gilashi kuma yake wajen 6. Ko kamfanin Apple da ya so yin fuskar waya da safaya bai cim ma burinsa ba, kamfanin da zai samar masa da ita ya durƙushe a 2014. Bidiyon harbin da suke turawa kuwa ba a gaban kowa aka ɗauka ba, kuma ba su taɓa yarda a gwada kayan da ke hannunsu ba.

Asarar kuɗin murfin waya da sauƙi. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne magidancin da zai ɗauki iyalinsa ya kama hanyar Arewa da daddare, yana jin cewa motarsa ta zama mai sulke, alhali leda ce kawai tsakaninsa da harsashi. Sulken mota na gaskiya yana buƙatar sauya gilashin gaba ɗaya, a ƙarfafa ƙofofi saboda nauyi, kuma shigo da irin waɗannan kaya Najeriya sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Ku nemi su nuna muku ita.

Don Allah kada kowa ya tura kuɗin dillanci zuwa asusun wani mutum. A duba rajistar kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuma idan sun yi alkawarin riba duk wata, a bincika ko hukumar kula da harkokin zuba jari ta SEC ta san da su. Wanda ya riga ya biya ya adana rasit, lambar asusun da duk saƙonnin da suka yi musanya, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara ga EFCC ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyoyin direbobi da limamanmu su sanar da wannan ga waɗanda ba sa karatu a waya, domin su ne aka fi bi har tasha ana yi musu wannan talla.