Tsakanin pg_dump da pg_upgrade wajen tashi daga PostgreSQL 13 zuwa 17

Malam, ka tambaya wace hanya ce ta fi dacewa wajen ɗaga rumbun bayananku mai nauyin gigabait 400 daga PostgreSQL 13 zuwa 17, alhali manhajarku ba ta jure doguwar tsayawa. Ƙaurar dai ba makawa, domin kowace babbar siga shekara biyar take samun gyara, kuma wa'adin 13 ya cika a watan Nuwamba na 2025.

PostgreSQL, wato manhajar da ke riƙe rumbun, yana zuwa da kayan aiki biyu, pg_dump da pg_upgrade. Hanyar pg_dump ita ce a kwashe bayanan gaba ɗaya a zuba su cikin sabon rumbu, a sake gina kowace fihirisa, wato jadawalin da ke hanzarta neman bayani, tun daga tushe. Tsohon rumbun yana nan yadda yake, saboda haka idan abu ya ɓaci komawa gare shi ba wuya. Sai dai tana bukatar ƙarin fili a faifai, kuma a nauyi irin naku aikin zai ɗauki sa'o'i, duk abin da aka rubuta bayan fara kwashewar kuwa ba zai shiga sabon ba.

Shi kuwa pg_upgrade ba ya sake rubuta bayanan. Tsarin cikin rumbun kawai yake sabuntawa, kuma idan aka haɗa shi da zaɓin --link, maimakon ya kwafi fayilolin sai ya sa sabuwar siga ta yi amfani da su inda suke, aikin ya ƙare cikin 'yan mintuna. A nan haɗarin yake: da zarar an tayar da 17 a kan waɗannan fayiloli, ba za a sake amincewa da 13 a kansu ba, sai dai a koma ga kwafin ajiya. Dole sigogin biyu su kasance a kan injin, haka ma ƙarin manhajojin da ake ɗora wa rumbun, irin su PostGIS na bayanan taswira, sai an girka wanda ya dace da 17. Bayan an gama a gudanar da umarnin ANALYZE, wanda ke sake tattara ƙididdiga, domin ƙididdigar da rumbun yake dogaro da ita wajen tsara bincike ba ta biyo ƙaurar, kuma mutane da yawa sun ɗora wa sabuwar siga laifin nauyi alhali wannan matakin suka tsallake.

A ganina pg_upgrade ne ya dace da ku, bayan an gwada shi da --check, mai duba dacewa ba tare da canja komai ba, a kan injin gwaji, an kuma tabbatar cewa kwafin ajiyar yana dawowa. Abu ɗaya zai sa in canja ra'ayi, wato idan za ku sauya Linux ɗin a lokaci guda, daga mai glibc (ɗakin karatun Linux da PostgreSQL ke dogaro da shi wajen jera haruffa) ƙasa da 2.28 zuwa sabo. Tsarin jera haruffa ya canja a glibc 2.28, fihirisar rubutu tana iya lalacewa ba tare da wata alama ba, don haka ko dai a yi REINDEX, wato sake gina fihirisa, bayan ƙaurar, ko a haƙura da sa'o'in pg_dump.