Manhajar koyon tunani da na sauke a waya, ga abin da na gani bayan wata biyu

Ƙanwata ce ta matsa min sai na sauke wata manhaja da ke koyar da kurakuran da ƙwaƙwalwa ke tafkawa mutum bai sani ba, wai musuna ya yi yawa. Na sauke, yau wata biyu kenan, kuma gaskiya akwai abin yabo, akwai kuma inda ta gaza.

Abin da ya fi burge ni shine bata fara da dogon bayani, tarko take ɗana maka tukunna. Ranar farko ta bani lambobi uku, 2, 4, 6, tace akwai ƙa'idar da suka bi, in rinƙa kawo nawa ukun tana gaya min eh ko a'a har in gano. Na rubuta 8, 10, 12 tace eh, na rubuta 20, 22, 24 tace eh, na ƙara 100, 102, 104 nan ma eh, sai nace shikenan ai ƙara biyu biyu ake yi. Ashe ƙa'idar kawai lambobi ne masu hawa sama, ko 1, 7, 300 ma daidai ne. Wallahi sai da jikina yayi sanyi, domin ko sau ɗaya ban gwada abin da zai ƙaryata zatona ba, duk wanda zai gaskata ni nake kawowa. Wannan gwajin na Peter Wason ne, masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, tun 1960, kuma cikin mutum 29 da ya gwada 6 ne kacal suka canka a karon farko. Haka dai muke yi a gardama, mu shiga Google mu nemo wanda ya faɗi irin tamu, da mun same shi sai mu rufe.

Akwai darasin da ya kawo aikin masana halayyar ɗan Adam Amos Tversky da Daniel Kahneman na 1974, inda aka juya wa mutane wani faifai mai lambobi da aka shirya ya tsaya kan 10 ko 65, sannan aka tambaye su kashi nawa ne na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ke Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen kashi 25, masu 65 kuma wajen 45. Lambar da bata da alaƙa da komai fa, amma ta ja su. Kahneman ɗin ne ya karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002, Tversky kuwa ya rasu tun 1996.

Inda nake daɗewa shine sashen auna tabbaci, ta yi maka tambaya sannan ta ce kashi nawa ka tabbata da amsarka. Bayan tambayoyi kamar ɗari ta nuna min cewa inda nake cewa na tabbata kashi 90, wajen sau 7 cikin 10 nake dacewa. Tun daga nan in zan ce "na tabbata" sai na ɗan dakata.

Toh matsalolin. Akwai wani sashe da aka jera sunayen kurakurai rututu ana so ka haddace, wannan a ganina ɓata lokaci ne, har ma da illa, don na lura da na haddace sai in fara hango su a jikin wasu ba a jikina ba, kuma wannan ɗin ma an yi bincike a kai, masaniyar halayyar ɗan Adam Emily Pronin da abokan aikinta sun nuna a 2002 cewa mutum ya fi saurin ganin karkata a tunanin wani akan nasa. Ya kamata a ce tun farko an ja mana kunne. Sannan komai da Turanci ne, mai nauyi ma, ga notifikeshan safe da yamma wai kar in karya jerin kwanakin da nake shiga ba fashi.

Ni dai na kashe notifikeshan ɗin, na tsallake sashen hadda, ina shiga na tabbaci minti goma sau uku a sati. In kana jin Turanci daidai gwargwado kuma zaka iya jure a nuna maka kuskurenka ƙarara, ka nemi irinta, amma ka duba mai gwaji tun a darasin farko ba mai jero ma'anoni ba.